Giyabos ɗin tsohuwar Kombi ya gaji: gyara, musaya ko na gwanjo?

Motar da ake magana a kanta ita ce Volkswagen Kombi samfurin T2, mai gilashin gaba guda ɗaya, wadda aka ƙera a Jamus daga 1967 zuwa 1979. Ita ce kamfanin Westfalia a Jamus, da Devon da Dormobile a Ingila, suka riƙa mayarwa ɗakin kwana na tafiye-tafiye, da gado da kabad da murhu da rufi mai ɗagawa. Inji yana baya, iska ke sanyaya shi, kuma giyabos da aksil a kwanso ɗaya suke. Ƙaramar cikinsu ta haura shekara 40, saboda haka duk wadda ba a taɓa buɗe giyabos ɗinta ba tana gab da neman haka.

Idan ranar ta zo, hanya huɗu ce a gaban mai mota: ya ba da nasa a sake gina shi, ya karɓi ginanne ya ba da tsohon nasa, ya sayi na gwanjo, ko ya yi amfani da damar ya sa mai doguwar giya, wadda ke rage juyin inji a babbar hanya. Ra'ayinmu tun farko shi ne, inji da shekarar mota su ke zaɓa wa mutum giyabos. Wanda ya bi farashi ko sha'awar gudu ya manta da waɗannan biyun, sau biyu zai sauke inji.

Ka tabbatar shi ne ya gaji

Kafin a kwance noti ko ɗaya, a duba abubuwan da ke kwaikwayon ciwon giyabos, domin suna da yawa kuma duk masu arha ne. Tsakanin sandar giya da ke hannun direba da hancin giyabos, wato ƙarshensa na gaba, akwai dogon ƙarfe da ya ratsa ƙarƙashin mota, kusan tsawonta duka. Yana tafiya a kan bushin na roba, kuma a ƙarshensa akwai mahaɗi mai roba biyu. Idan waɗannan suka ci, sandar giya sai ta riƙa yawo kamar muciya a tukunya, lamba ɗaya da lamba biyu su ƙi shiga, wani lokaci a nemi biyu a taɓo ribas. Farantin da ke gindin sandar giya ma idan ya goce, haka zai yi. Kujerar giya ta gaba idan robarta ta rabu, giyabos yana motsi duk lokacin da aka taka totur ko aka saki, ya fizge giya zuwa firi da kansa.

Idan kowace giya tana gurnani wajen shiga, har da ribas a tsaye, kuloci ne ba ya saki sosai. A duba wayar kuloci da wasan feda, wanda ya kamata ya zama kamar milimita 20. Ƙarar ƙwas-ƙwas da ke bin juyin taya, musamman a kan hawa, ta gwiwoyin shaf ce. Kukan da ke canjawa idan an karya kwana na boris ɗin taya ne.

Ciwon da ke cikin kwanso kamanninsa daban. Lamba biyu kaɗai ke gurnani, musamman idan an sauko daga uku: zoben sinkoro, wanda ke daidaita gudun giya kafin ta shiga, ya cinye. Lamba huɗu tana fita da kanta da zarar an ɗaga ƙafa daga totur, bayan an tabbatar da kujeru da mahaɗi: mazaunin boris ɗin babban shaf ya faɗaɗa, shaf yana kai da komo. Kuka mai tashi da gudun mota, wanda ke canja murya tsakanin taka totur da sakinsa: boris ɗin finiyan ne ko haƙoran kirawun, wato ƙaramar giya da babbar da ke miƙa juyi ga tayoyin baya. Hujja ta ƙarshe tana jikin notin zubar da mai, wanda ake kwancewa da alanki 17. Yana da maganaɗisu. Laushin garin ƙarfe kamar kwalli ba abin damuwa ba ne. Gutsattsarin da yatsa ke ji, ko mai mai ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla, sun nuna lokacin buɗewa ya yi.

Wane iri ne a motarka

Masu wannan mota suna rarrabe giyabos ɗin da yawan haƙarƙarin da ke kwance a jikin kwanso. Mai haƙarƙari uku, wanda lambarsa ke farawa da 002, shi ne na farkon shekarun, tare da injin 1600 da 1700. Mai biyar ya zo da injin 1800 a 1974 da 1975. Mai shida, wato 091, ya zo a 1976 da injin 2000, kuma shi ne mafi ƙarfi, da manyan boris da haƙora masu kauri. A gefen kwanso ta ƙasa akwai haruffa biyu da aka buga, irin su CA, CE ko CP. A kankare datti a karanta su, domin su ne ke faɗin abin da ke ciki. Ƙirga haƙarƙari kaɗai bai isa ba, tunda an yi 091 mai gajeriyar giya domin injin 1600.

Ga lissafin da komai ya rataya a kansa. Kowane adadi yana nuna juyi nawa ke shiga giya kafin juyi ɗaya ya fita; idan adadin ya yi ƙasa, giya ta yi tsawo ke nan, inji ya rage juyi. Mai haƙarƙari uku na farko yana da kirawun da finiyan 5.38, lamba huɗu 0.82. Mai biyar yana da 4.86 da 0.89. Mai shida na injin 2000 yana da 4.57 da 0.89. A kan tayar asali 185R14C, idan mota tana kilomita 100 a awa a lamba huɗu, inji yana juyi kusan 3,700 a minti da na farko, kusan 3,600 da na biyu, kusan 3,400 da na uku. Tsakanin mai uku da mai biyar kusan babu bambanci a lamba huɗu. Bambancin yana a giyoyin ƙasa. Mutane da yawa sun kashe kuɗi sun sa mai biyar suna jiran inji ya yi shiru a babbar hanya, ba su ji komai ba.

Sai abubuwan da ke hana wani shiga gurbin wani. Motocin 1968 zuwa 1971 ba su da kunnuwa biyun da ke saman ƙwaryar kuloci (ɓangaren giyabos da ke rufe kuloci ya haɗu da inji), waɗanda daga 1972 ake rataye giyabos da su a jikin firam. Hancin giyabos da kujerarsa sun canja da shekaru. Faɗin kuloci ya tashi daga milimita 200 a injin 1600 zuwa 210, 215, har 228 a injin 2000, kuma ƙwaryar 091 ta fi zurfi, shaf ɗin da ke shiga cikin kuloci ya fi tsawo, kik ɗinsa ma daban. Bambancin tsawon shaf ɗin bai wuce santimita guda ko makamancin haka ba, amma ya isa. Idan ya yi tsawo, zai tokare ƙurar inji (kiranshaf) yana tura ta har boris ɗin da ke riƙe ta ya lalace. Idan ya gaza, bakinsa ba zai zauna a ƙaramin boris ɗinsa ba, sil ya fara yoyo, kuloci ya riƙa rawa. Kombin da aka ci gaba da ƙerawa a Brazil har Disamba 2013 tana da nata sauye-sauyen, kada a ɗauka kayanta da na Jamus ɗaya ne sai an gwada an auna.

Sake gina naka

Wannan ita ce hanyar da muka fi so ga mafi yawan mutane, saboda dalili ɗaya mai nauyi: abin da ya fito daga motar tabbas zai koma cikinta. Ƙwarya, hanci, shaf, kik, kuloci, duk sun riga sun san juna. Ga motar da asalinta ke da daraja, lambar giyabos da ta dace da shekarar mota tana ƙara mata kima wajen sayarwa.

Gini na gaskiya yana da kayan da ba a tsallakewa: zoben sinkoro huɗu, boris ɗin finiyan, boris ɗin babban shaf, ƙananan boris masu allura da giyoyi ke juyawa a kansu, sil na shaf ɗin kuloci da na gefe biyu da na hanci, gasket duka, da zobban kulle sababbi. Cibiyar da ke tsakanin lamba uku da huɗu a duba ta da kyau a ƙarƙashin fitila. A dangin 091 an san ta da tsagewa daga kusurwar ramukanta, kuma idan ta fashe mota tana maƙalewa a giya ɗaya, don haka a 091 a canja ta ko da ta yi kama da lafiyayya. Mazaunin boris da ya faɗaɗa ba a gyara shi da gam ko da dukan kurfi a gefensa. Ko a kai wa mai injin yanka ya sa masa hannun riga, ko a samo wani. Kirawun da finiyan tare aka wasa su a masana'anta, tare ake canja su.

Inda wannan hanya take da haɗari shi ne hannun mai aikin. Giyabos ɗin nan ba ya yafe aikin ido. Zurfin finiyan ana saita shi da washar awo. Wasan da ke tsakanin haƙoran kirawun da finiyan ana auna shi da agogon awo, milimita 0.15 zuwa 0.25. Boris biyu na gefen aksil suna zaune a cikin zobba masu zare, kuma wanda ya san aiki yana yi musu alama ya ƙirga juyinsu kafin ya kwance. Cokulan da ke tura giya kuwa ana saita su ne a kan wani mazauni na musamman da ke riƙe shaf biyu kamar suna cikin kwanso. Wanda ba shi da wannan mazaunin, ko tsohon kwanson da aka yanke domin ya yi aikinsa, zai haɗa maka giyabos da sababbin kaya amma lamba huɗu ta ci gaba da fita. Kafin ka ba da aiki, ka nemi a nuna maka agogon awo, mazaunin saita cokula, da injin matse boris. Bakanike mai kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. A kuma sani cewa yawancin waɗannan kwansuna na haɗin magniziyam ne: waldar alminiyam ba ta kama su, kuma garinsu yana cin wuta, don haka kwanson da ya tsage canja shi ya fi.

Aibin hanyar guda biyu ne. Mota za ta zauna makonni ba ta motsi, kuma ba a sanin kuɗin sai an buɗe. Idan kirawun da finiyan sun tafi, ko ruwa ya taɓa kwana a ciki, kuɗin kaya zai iya kamo na ginanne. A yi yarjejeniya tun farko: a buɗe, a wanke, a jera kayan a tebur ka gani, sannan a yanke farashi.

Musaya da ginanne

A Jamus, Ingila, Holan da Amurka akwai masu sana'ar da ba sa komai sai gina waɗannan giyabos. Ka biya, ka ƙara kuɗin ajiya, su aiko da ginanne, idan tsohon naka ya isa gare su su mayar maka da ajiyar. Fa'idar a fili take: farashi sananne, garanti a rubuce, kuma ana iya sauke tsoho a ɗora sabo cikin kwana biyu. Ga wanda ke zaune kusa da su kuma ba shi da amintaccen magini, wannan ita ce hanya mafi kwanciyar hankali.

Sai dai kalmar “ginanne” tana ɗaukar abubuwa da yawa. Wani ya canja duk abin da muka lissafa a sama. Wani kuwa ya wanke kwanso, ya sa zoben lamba biyu da sil, ya fesa fenti. Ka nemi jerin kayan da aka canja a rubuce, da alƙaluman giyar da ke ciki. Ka gaya musu shekarar mota, girman inji, faɗin kuloci da haruffan tsohon giyabos, ka aika hoton ƙwarya da hanci. Ka tambayi sharaɗin ajiya, domin da yawa ba sa mayar da ita idan kwanso ya tsage ko kirawun ya karye, ko kuma idan irin da ka aiko ba irin da ka karɓa ba ne. Wasu ƙwarya da hanci ba sa cikin cinikin, naka za ka ɗora. Kuma kusan kullum babu mai a ciki lokacin da ya iso. Kilomita kaɗan a bushe sun isa su kashe shi, garanti kuma ba ya ɗaukar wannan.

Ga mai mota a Najeriya ko Nijar lissafin yana juyewa. Ƙarfe ne mai nauyin kilo 40 ko sama, dakonsa zuwa da komowa da kuɗin kwastan sukan cinye ajiyar, garantin da sai an mayar da kaya Turai kuma sunansa kawai garanti. A irin wannan hali ya fi a yi odar zobba, boris da sil masu kyau, waɗanda ƙaramin kwali ke ɗauka, a nemo tsohon hannu da ya yi aikin Volkswagen mai inji a baya.

Na gwanjo

Shi ne mafi arha a ranar saye, kuma shi ne mafi yawan jawo aiki biyu. Giyabos ɗin da ke ƙasa a shago shekarunsa ɗaya da naka, kuma ba ka san dalilin sauke shi ba. Wanda ya fito daga motar haya, irin Kombin da ta yi danfo a Legas, ya ɗauki lodin da motar kwana ba ta taɓa gani ba.

Idan dole ne, ga abin da za a iya dubawa. A kwance notin mai a ga maganaɗisu. Idan an riga an wanke shi tas an zubar da man, wannan ma magana ce. A sa kowace giya ta hanci, a juya shaf da hannu ana riƙe da faifan gefe, a saurari gurnani ko wurin da ke cijewa. A girgiza faifan gefe biyu. A duba tsaga a kusa da kunnuwa da ramukan noti. Mafi amfani, a nemi izinin cire ƙwaryar kuloci: aksil yana bayanta, za a ga haƙoran kirawun da finiyan ƙuru-ƙuru, da tsatsa idan ruwa ya shiga. Gasket ɗaya ne kuɗin wannan binciken. Abin da ba za a taɓa ganewa a ƙasa ba shi ne lafiyar sinkoro da fitar giya, waɗanda su ne ciwon da ya sa kake neman wani. Don haka na gwanjo yana da ma'ana a hali biyu kawai: an tuƙa motar da yake ciki kafin a sauke shi, ko an saye shi a matsayin abin da za a gina yayin da motar ke ci gaba da tafiya da tsohon. Hali na biyun dabara ce mai kyau, tana kawar da zaman jiran da ke cikin hanyar farko.

A guji giyabos ɗin Beetle ko da an ce zai shiga. Kujerunsa daban, faifan gefensa ƙanana, kuma ba a yi shi domin jan tan 2 ba. Na Kombi ta farko, mai gilashin gaba biyu, yana aiki ne da ƙananan akwatunan rage gudu a bakin taya, kirawun ɗinsa ma a ɗaya gefen yake. Na T3, wadda ta gaji T2 a 1979, ta gefe ake sa masa giya, ba ta hanci ba.

Mai doguwar giya

A nan ne aka fi yin kuskure mai tsada, don haka za mu daɗe. Duk wanda ya yi awa uku a babbar hanya da injin 1600 yana ihu a bayansa ya yi mafarkin giya ta biyar. Masu sayarwa sun san haka, suna tallar abin da suke kira Freeway Flyer: giyabos mai kirawun 4.57 ko ƙasa da haka, ko mai lamba huɗu da aka ƙara wa tsawo. Mutum yana ganin juyi zai ragu, ƙara ta ragu, mai ya ragu.

Injin nan fanka ke sanyaya shi, kuma gudun fankar yana bin juyin inji. Motar kuwa siffar akwati gare ta, ƙarfin da take buƙata domin ture iska a kilomita 100 bai ragu ba don an canja giya. Idan aka rage juyi, inji zai yi aikin nan dai da ƙarancin iska, da totur a buɗe fiye da da. Zafin yana taruwa a kan silinda, inda direba ba shi da agogon da zai nuna masa. Bawul ɗin hayaƙi yana miƙewa, mazauninsa ya saki, kuma silinda ta uku ce ta fi saurin tafiya a injin 1600. Injin da ƙarfinsa doki 50 ne a juyi 4,000 an yi shi ne ya yi ta juyawa. Juyi 3,700 na tsawon yini bai dame shi ba kamar yadda 3,100 da ƙafa a ƙasa ke damunsa. A ƙasa mai zafi, ko da mota mai rufin ɗagawa da tankin ruwa da iyali a ciki, abin ya fi muni.

Akwai kuma ramin da ke tsakanin uku da huɗu. Lamba uku 1.26 ce. Idan aka ja ta zuwa juyi 4,000 aka shiga huɗu mai 0.89, inji yana faɗowa zuwa kusan 2,800. Da 0.82 yana faɗowa 2,600. Da 0.77 kuwa ƙasa da 2,450, inda ƙaramin inji a kan hawa ba shi da abin bayarwa, sai a koma uku, a sake hawa, a sake komawa. A ƙasa ma ana biya: lamba ɗaya da kirawun 4.57 ta yi rauni da kusan kashi 15 cikin 100 idan aka kwatanta da ta 5.38, kuma kuloci ne ke biyan bambancin duk lokacin da aka tashi a kan tudu ko cikin yashi.

Ga yadda muke gani. Injin 1600 na asali ya zauna da 5.38 ko 5.43 ɗinsa. Injin da aka faɗaɗa zuwa 1776, ko 1700 da 1800 masu lafiya, suna jin daɗin mai haƙarƙari biyar, domin lamba biyu da uku suna ƙara tsawo ba tare da lamba huɗu ta yi nauyi ba. Injin 2000 mai doki 70, ko wanda aka faɗaɗa zuwa 1915 da sama, shi ne abokin 091 mai 4.57. Lamba huɗu 0.82 a kan 4.57, wadda ke sauko da juyi kusan 3,150 a kilomita 100, sai inji mai ƙarfi sosai ko na zamani mai sanyaya da ruwa. Wanda ya sa doguwar giya ya sa agogon zafin kan silinda tare da ita.

Sa 091 a motar da ta zo da 002 aiki ne mai yiwuwa, amma a shirya masa. Ko a ɗora masa ƙwarya da shaf na 002 domin kuloci da kik na da su ci gaba da aiki, ko a sayi fulawil, kuloci da kik da suka dace da shi. Ya ɗan fi tsawo, don haka dogon ƙarfen giya yakan buƙaci gyara, a motocin kafin 1972 kuma sai an warware batun hanci da kujera. Mai giya biyar na T3, ko na Porsche, ko na Subaru da aka juya masa kirawun, duk ana yi, amma da yanka da walda da ƙera sababbin kujeru, kuma sai idan an canja inji ne kuɗin ke da hujja. Agogon gudu dai ba ya shiga wannan lissafi, tunda daga tayar gaba yake karatu. Girman taya kuwa yana shiga: ƙananan tayoyin ƙaramar mota suna ƙara juyi, kuma da yawa sun ga “gajeriyar giyarsu” ta warke da komawa 185R14C.

Ranar ɗorawa

Kowace hanya aka bi, aikin ɗaya ne, kuma rabin giyabos ɗin da ake zargi bayan canji a nan aka cuce su. Ana cire batir, a zubar da mai, a sauke inji; a motocin 1968 zuwa 1971 ƙarfen baya yana kwancewa inji ya fito kai tsaye, daga 1972 sai an sauke shi ƙasa. Sannan mahaɗin giya, wayar kuloci, wayoyin kik da na fitilar ribas, wayar as (mai mayar da wuta jikin mota) da ke hanci, da noti shida-shida na gwiwoyin ciki. A wanke ramin kan waɗannan notin kafin a sa musu makulli, a tabbatar ko alanki 6 ne ko mai baki 12, domin makulli mara dacewa yana cinye kan nan take. A ɗaure shaf da waya kada su rataya. A tallafi giyabos da jak kafin a saki kujeru, mota kuma tana kan ƙafafun ƙarfe, ba kan jak ko bulo ba.

Tunda inji yana ƙasa, a canja dis ɗin kuloci, da filet ɗin da ke matse shi, da boris ɗin kuloci. A nan akwai tarko: kafin 1971 filet yana da zobe a tsakiyarsa, daga 1971 boris yana tafiya a kan bututu kuma filet ba shi da zobe. Giyabos ne ke faɗin wanda za a saya, ba shekarar mota ba. Idan aka gauraya, kuloci ba zai saki ba ko kuma ya lalace cikin kwanaki. A duba cokalin kuloci ko waldarsa ta tsage. A canja ƙaramin bushin kik da ke cikin ƙwarya, kuɗinsa kaɗan ne amma cire shi da inji a ciki wahala ce. A auna wasan ƙurar inji gaba da baya, 0.07 zuwa 0.13 na milimita, a canja sil ɗin fulawil idan yana jiƙe, domin baƙin mai a kan sabon dis yana sa rawa. Babban notin fulawil na 1600 yana son ɗauri na 350 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗaure noti), biyar na manyan injina 110 Nm kowanne. Tiyon fetur da ke fitowa daga tanki ta saman giyabos a canja shi yanzu. Tsufansa ya ƙone Kombi da yawa.

Wajen mayarwa, notin filet 25 Nm, a ɗaure su kaɗan-kaɗan a gicciye, da sandar da ke tsayar da dis a tsakiya. Noti huɗu na inji da giyabos 30 Nm, kuma kada a ja inji da noti idan ya ƙi zama, a juya fuli har haƙoran shaf su shiga. Notin gwiwoyi 35 Nm, kowace gwiwa giram 90 na baƙin giris, a sake bin notin bayan tafiyar farko domin sukan saki. Bututun da wayar kuloci ke bi a gefen giyabos yana buƙatar lanƙwasa ta milimita 25 zuwa 45, ana ƙara ta da washa. Idan ya miƙe sosai mota tana tsalle wajen tashi. Wayar as a kankare mazauninta a mayar, in ba haka ba wutar kik za ta bi ta wayar kuloci ta gasa ta.

Mai lita 3.5 ne, 80W-90 mai lambar GL-4, ana zubawa mota tana daidai har ya fara dawowa ta ramin gefe. A fara kwance notin zubawa kafin na zubarwa, kada a wayi gari da giyabos babu mai da notin da ya ƙi kwancewa. Sabon gini yakan yi ɗan tauri a farko, kada a tilasta masa. Bayan kilomita 1,000 a zubar da man yana da ɗumi, a duba maganaɗisu, a ɗauki hotonsa a ajiye tare da takardar garanti, sannan a zuba sabo.